Yaushe Ciniki Ke Faɗawa? Tayi, Sallama da Kafin Alƙalami a Kasuwancin Citta na Kafanchan da Kudancin Kaduna

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci gaɓar da cinikin baka ke zama yarjejeniyar da kotu za ta tilasta a cika, ta la'akari da cinikin busasshiyar citta a Kafanchan, Kwoi, Kachia da Kagarko. Ta ƙalubalanci ra'ayin cewa ciniki bai faɗa ba sai kuɗi ya shiga hannu. An gano cewa a dokar da Nijeriya ta gada daga Ingila da kuma fiƙihun Malikiyya, sallamawar mai kaya ce ke ƙulla ciniki, kafin alƙalami kuwa shaida ce kawai.

Gabatarwa

Tun da Kafanchan ta zama mahaɗar layukan dogo a 1927, garin ya zama wurin da manomin Ham, Bajju ko Fantswam ke haɗuwa da fatake daga Kano, Jos da Legas, kuma da Hausa akasari suke ciniki. Citta na sahun gaba a kayan da suke haɗuwa a kai. A daminar 2023 wata cutar ruɓa ta lalata gonakin citta masu yawa a yankin, kaya ya yi ƙaranci, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A irin wannan yanayi, buhun da aka sallama da hantsi kan samu mai ƙari kafin la'asar. Manomi ya ce, "Ai ban karɓi ko kwabo ba." Idan kuma kasuwa ta faɗi, ɗan kasuwa ne zai kashe waya ya ce bai biya komai ba. Tambayar maƙalar ita ce ko wannan magana hujja ce.

Bitar ayyukan da suka gabata

Littattafan dokar yarjejeniya a Nijeriya, musamman na Farfesa Itse Sagay, sun shimfiɗa ƙa'idar tayi da amincewa sosai, haka ma hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara a shari'ar Orient Bank da Bilante International ta 1997. Sai dai akasarin misalan da ake koyarwa da su na bankuna ne da kamfanoni da wasiƙu.

Jayayyata da wani ra'ayi ne da ba a littafi yake ba, amma ya fi littafi ƙarfi a kasuwa. Dillalai da masu sasanta rigima da dama sun ɗauka cewa in ba a ba da kafin alƙalami ba, maganar da aka yi hira ce. Ra'ayin yana da tushe, kuma ya kamata a yi masa adalci. A cinikin ƙasa bisa al'ada, kotuna sun daɗe suna neman biyan kuɗi da miƙa fili a gaban shaidu, kamar yadda aka gani a shari'ar Cole da Folami ta 1956. Haka kuma sashe na 4 na Dokar Sayar da Kaya ta Ingila ta 1893, wadda ta shigo Nijeriya cikin dokokin da ke aiki a Ingila ranar 1 ga Janairu 1900, ya hana kai ƙara kan cinikin da ya kai fam 10 sai in an karɓi wani ɓangare na kayan, ko an ba da wani abu na kuɗin, ko akwai rubutu. Amma na farkon ƙa'idar fili ce, buhun citta ba fili ba ne. Na biyun kuma magana ce ta abin da za a gabatar wa alƙali. Bai ce cinikin bai ƙullu ba.

Dabarar bincike

An bi hanyar nazarin hukunce-hukunce da littattafan Malikiyya, musamman Muwaɗɗa da Mukhtasar na Khalil, aka auna su da kalaman da ake ji a bakin masu ciniki a kasuwannin yankin.

Sakamakon bincike

Abu na farko shi ne a gane wa ke tayi. Idan mai kaya ya faɗi kuɗin buhu, kowa ya san ba ƙarshen magana ba ce. Buɗe ƙofa ya yi. Mai saye ne ke tayawa. Daga nan amsa biyu ce: "albarka" ko "na sallama". Ba kasafai ake samun tsarin ciniki da ya raba ƙi da yarda a fili haka ba, kuma wannan ne ya sa nake ganin kuskure ne babba a kira cinikin kasuwa maras tabbas.

Da zarar an ce "albarka", tayin ya mutu. Wannan ita ce ƙa'idar shari'ar Hyde da Wrench ta 1840: mai gona ya nemi fam 1,000, mai saye ya ce 950, aka ƙi, ya dawo ya ce ya yarda da 1,000, kotu ta ce babu ciniki, domin sabon tayinsa ya kashe na farko. A Kwoi ko Kachia abin yakan zo a juye. Mai saye ya juya zai tafi, manomi ya ƙwala masa kira, "Zo, kawo kuɗi." Manomin yana ganin ya amince da tayin da aka yi masa, alhali tayin ya riga ya tafi da albarkar da ya furta. Kiran nan sabon tayi ne daga gare shi, kuma mai saye na da damar ya ci gaba da tafiyarsa. Amma tambayar "ba ragi?" ba ta kashe komai. Shari'ar Stevenson da McLean ta 1880 ta bambanta neman bayani da sabon tayi, kuma duk wanda ya san kasuwa ya san mai cewa "ba ragi?" bai fasa ba tukuna.

Idan kuwa mai kaya ya ce "na sallama", ko ya yi addu'ar a samu riba da nufin yarda, ciniki ya faɗa. A dokar da aka gada, alkawarin biya da alkawarin miƙa kaya sun isa abin musaya. Ba a bukatar kuɗi ya motsa. Malikiyya sun fi haka tsanani. A wurinsu duk abin da ya nuna yarda yana ƙulla ciniki, ko da miƙa da karɓa ne ba tare da furuci ba. Sannan Imamu Malik bai yarda da zaɓin majalisi ba, wato damar fasawa muddin ba a rabu ba, wadda Shafi'iyya da Hanbaliyya suka yarda da ita. Ke nan manomin da ya sallama ba shi da damar janyewa ko da mai saye na tsaye a gabansa yana ƙirga kuɗi. Shi kuma na ukun da ya zo da ƙari bayan an daidaita, ya faɗa cikin hanin yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa.

Wannan daidaituwa tsakanin dokar da aka gada da fiƙihun Malikiyya tana da muhimmanci a Kaduna fiye da wurare da yawa. Tun gyaran 2001 a zamanin Gwamna Ahmed Makarfi, jihar na da kotunan Shari'a da na al'ada ban da na majistare da Babbar Kotu. Cinikin citta kuwa sau da yawa tsakanin Kirista ne da Musulmi. Abin kwantar da hankali ne a ce manomi daga Kagoro da ɗan kasuwa daga Jama'a, kowa ya koma ga dokar da ya sani, su tarar da amsa ɗaya.

To mene ne aikin kafin alƙalami? Yana toshe bakin mai musu, kuma yana cika sharaɗin kai ƙara inda ake neman sa. Sai dai Malikiyya ba su halatta a yi sharaɗin cewa mai kaya zai cinye shi in aka fasa ba. Ko dai ya shiga cikin kuɗin kaya, ko a mayar.

Akwai wani wuri da hanyoyin biyu suka rabu. Idan citta tana gona ko tana shanya, aka yi cinikin buhuna da za a kawo nan gaba, dokar da aka gada ta ɗaure kowa da alkawarinsa. Malikiyya kuwa na kallonsa a matsayin salam, wanda dole a biya kuɗinsa gaba, ba a jinkirta fiye da kwana 3 ba, in ba haka ba ya zama sayar da bashi da bashi. A nan mai cewa "ban karɓi ko kwabo ba" ke da abin kamawa.

Waya ba ta sauya ƙa'ida ba. A shari'ar Entores ta 1955 an tsayar cewa amincewa ba ta aiki sai ta isa ga mai tayi, har Lord Denning ya kawo misalin layin da ya katse ana tsakiyar magana. Inda sabis ke ɗaukewa, wanda ya sallama ne zai sake kira. Saƙon WhatsApp da aka karanta ba a amsa ba shi ma ba yarda ba ne, bisa ƙa'idar Felthouse da Bindley ta 1862 cewa shiru ba ya ɗaure mutum. Yaron da ya taya ya ce "bari in ji daga maigida" bai yi tayin da za a iya sallama masa ba tukuna.

Iyakokin bincike

Dole a yarda cewa binciken bai shiga kundin kotunan yankin ba, bai kuma rarrabe al'adun Ham, Bajju da Atyap ɗaya bayan ɗaya ba, alhali Dokar Shaida ta 2011 na neman a tabbatar da al'ada da hujja in kotu ba ta riga ta san ta ba. Ƙulluwar ciniki daban, iya tabbatar da shi daban. Dillalin da ke jiran la'ada shaida ne mai ruwa da tsaki, saƙon waya kuma sai ya cika sharuɗɗan sashe na 84 na dokar kafin alƙali ya karɓe shi.