SN 1987A: fashewar tauraron da aka gani da ido a 1987

SN 1987A suna ne da masana ilimin taurari suka ba wata gagarumar fashewar tauraro, irin wadda ake kira sufanoba, da aka hango a watan Fabrairun 1987. Harafin A na nufin ita ce ta farko da aka gano a wannan shekarar.

Abin ya faru ne a Babban Gajimaren Majelan, wani ƙaramin garken taurari da ke maƙwabtaka da namu. Maƙwabtakar dai ta sama ce: haske sai ya yi tafiyar shekara wajen 168,000 kafin ya iso mu daga can. Ke nan tauraron ya daɗe da mutuwa, labarin ne ya makara. Ian Shelton da Oscar Duhalde suka gano ta ranar 24 ga Fabrairu a cibiyar Las Campanas ta ƙasar Chili. Rabon da a ga irinta da ido, ba madubin hangen nesa, tun 1604. Daga Maradi ko Damagaram, wannan yanki na sama da kyar yake leƙowa can ƙasa-ƙasa ta kudu.

Tauraron da ya fashe, Sanduleak −69 202, ya ninka rana nauyi kusan sau 20. Da makamashin da ke riƙe da shi ya ƙare, sai cibiyarsa ta rufta saboda nauyi, sauran jikin ya tarwatse. Ya kuma ba masana mamaki, domin jajayen manyan taurari aka zata ke irin wannan mutuwa, shi kuwa shuɗi ne.

Amma babbar ribar ba a hasken take ba. Sa'o'i biyu zuwa uku kafin hasken ya bayyana, na'urorin da aka binne a ƙarƙashin ƙasa a Japan, Amurka da Tarayyar Sobiyat sun kama wasu ƙwayoyi da ake kira nutirino, masu ratsa dutse kamar babu shi. Kusan 25 ne kawai, cikin daƙiƙa 13. Waɗannan ƴan kaɗan suka tabbatar da lissafin cewa nutirino ke kwashe kusan duk ƙarfin fashewar. Masatoshi Koshiba, jagoran na'urar Kamiokande ta Japan, ya samu rabonsa na kyautar Nobel a 2002.

An daɗe ana neman ragowar cibiyar tauraron cikin ƙurar da ta lulluɓe wurin. A 2024 masu aiki da madubin James Webb suka sanar da alamar cewa wani dunƙulallen tauraro, irin wanda ake kira tauraron nutiron, na nan a tsakiya.