Daga gindin bishiya zuwa cikin aji: asalin zaman lura da numfashi

A babban hutun da ya wuce an tara mu malamai wajen wani horo na kwana uku kan yadda za mu tafiyar da yaran da rashin tsaro ya raba da garuruwansu. Rana ta biyu, bayan an sha shayi, mai horar da mu ta ce kowa ya ajiye alƙalami, ya rufe ido, ya bi numfashinsa yana shiga yana fita har minti biyar. Muka yi. Da muka buɗe ido, wani dattijon mushe da ya kusa ajiye aiki ya ɗaga hannu ya ce, "Madam, wannan abu daga ina ya fito? Don idan na sa yara suka yi, gobe iyayensu za su tare ni a ƙofar lakol." Ta ce binciken likitoci ne. Ya gyaɗa kai, amma na ga bai gamsu ba. Tunda tarihi nake koyarwa, sai na mai da tambayarsa aikina na hutu. Madam ba ta yi ƙarya ba, sai dai shekara arba'in da ƴan kai na ƙarshe kawai ta faɗa, daga labarin da ya kai kusan shekara 2,500.

Labarin ya faro daga Siddhattha Gotama, ɗan gidan sarauta da aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nefal ta yau, wajen ƙarni na biyar kafin haihuwar Annabi Isa. Littattafan mabiyansa sun ce yana da shekara 29 ya ga tsoho, ya ga marar lafiya, ya ga gawa, hankalinsa ya tashi, ya bar gida da mata da jariri ya shiga daji. Sunan jaririn Rahula, wanda masu sharhi ke fassarawa da mari, wato abin da ke ɗaure ƙafa. Ya yi shekara shida yana gallaza wa jikinsa da yunwa, ya ga ba ta kai shi ko'ina ba, ya daina. Daga baya ya zauna a gindin wata bishiya dangin ɓaure a wurin da ake kira Bodh Gaya, jihar Bihar ta Indiya, ya ce ya gano abin da yake nema. Tun daga nan mabiyansa ke kiransa Buddha, ma'ana wanda ya farka. Ya yi wa'azinsa na farko a Sarnath kusa da Banaras, ya rasu yana da shekara 80.

Koyarwarsa ta tsaya kan magana huɗu: rayuwa tana tare da wahala, wahalar tana da sanadi, ana iya kashe sanadin, kuma akwai hanyar yin haka. Sanadin shi ne abin da harshen Pali ke kira tanha, wato ƙishirwa, son abin da babu da tsoron rasa abin da ke hannu. Ƙishirwa kan haifi upadana, wato ƙanƙame abu. Abin da ya ba ni sha'awa shi ne wannan kalma tana kuma nufin makamashi. A ganinsu zuciya kamar murhu take, kowane ƙanƙamewa itace ne da ake turawa, kuma nibbana, ƙarshen tafiyar tasu, asalin ma'anarta mutuwar wuta. Hanyar tana da rassa takwas. Na bakwai shi ne sati, kalmar da tushenta tunawa ne: mutum ya san abin da jikinsa da zuciyarsa ke ciki a daidai lokacin da suke ciki. Mai zaman yakan fara da numfashi, ya wuce ga jiki, ga daɗi da zafin da yake ji, ga tunanin da ke zuwa yana wucewa. Manufar ita ce ya gani da kansa cewa babu abin da ke dawwama, don hannunsa ya saki.

Akwai labarin da suke bayarwa wanda duk uwa za ta gane. Wata mata mai suna Kisa Gotami ɗanta ɗaya tilo ya rasu, ta ƙi yarda, ta ɗauki gawar tana bi gida gida tana neman magani. Aka tura ta wajen Buddha. Ya ce ta samo masa ƴan ƙwayoyin irin mastad, wanda kowane madafi ke da shi, amma daga gidan da ba a taɓa mutuwa ba. Ko'ina ta je akwai irin, kuma ko'ina an taɓa fitar da gawa. Kafin yamma ta gane, ta kai ɗanta makwancinsa. Wannan shi ne nauyin abin da aka gina zaman don shi tun asali.

An riƙa haddace koyarwar baki da baki har ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da aka rubuta ta a kan ganyen giginya a Siri Lanka. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, cikin ƙarnoni masu yawa talaka bai cika yin wannan zama ba. Aikinsa ya ba sufaye sadakar abinci, ya kiyaye dokoki biyar: kada ya kashe rai, kada ya yi sata, kada ya yi lalata, kada ya yi ƙarya, kada ya sha abin maye. Ko cikin sufayen ma, masu karatu da hadda sun fi masu zaman yawa.

Mulkin mallaka ne ya sauya wannan, a ƙasar Bama, wadda yau ake kira Miyanma. A can sarki ne garkuwar addini. Sarki Mindon ya sa aka sassaƙa littattafansu a kan allunan marmara 729 a birnin Mandalay, suna nan har yau. A watan Nuwamban 1885 sojojin Ingila suka shiga birnin, suka tuɓe ɗansa Sarki Thibaw, suka kai shi Ratnagiri a Indiya. Fada ta zama sansanin Turawa, makarantun gwamnati da na mishan suka fara janye yara daga makarantun sufaye. Mu da kakanninmu suka ga zuwan lakol ba sai an yi mana dogon bayanin irin wannan fargaba ba.

Wani malami mai suna Ledi Sayadaw, wanda ya rayu daga 1846 zuwa 1923, ya yanke shawarar cewa tunda babu sarki, sai talakawa su zama garkuwa. Ya riƙa rubuta ilimin da a da sai masu Pali cikin sassauƙan harshen Bama, ya kafa ƙungiyoyin karatu a garuruwa, ya kuma koyar da cewa manomi da ɗan kasuwa da matar gida za su iya zaman ba sai sun shiga daji ba. Ɗaya daga cikin almajiransa manomi ne, Saya Thetgyi, daga wani ƙauye a ƙetaren kogin Rangun. Annobar kwalara ta kashe masa ɗa da ƴa, baƙin ciki ya fitar da shi daga gida yana neman malami. Bayan shekaru ya komo ƙauyensu ya fara koyar da maƙwabta da ma'aikatan gonarsa. Labarin Kisa Gotami ne ya maimaita kansa, wannan karon a kan uba.

A 1937 wani ma'aikacin gwamnati mai suna U Ba Khin ya je wajensa ya yi zaman kwana goma. Da Bama ta sami ƴancin kai a 1948, shi ne ya zama babban akanta na ƙasa. Ya fara koyar da ma'aikatan ofishinsa, a 1952 kuma ya buɗe cibiya a Rangun. A daidai wannan zamani firaminista U Nu ya gayyato wani malamin, Mahasi Sayadaw, ya zo birnin ya koyar da jama'a, cibiyoyinsa suka bazu. Cikin ɗaliban U Ba Khin akwai wani attajiri ɗan asalin Indiya, S. N. Goenka, da matsanancin ciwon kai ya addaba. Shi da bakinsa ya sha ba da labarin cewa da farko malamin ya ƙi karɓarsa, ya ce idan maganin ciwon kai kawai yake nema ya tafi wajen likita, don ya raina abin. Ku riƙe wannan magana, za mu komo kanta. A 1969 Goenka ya koma Indiya ya fara koyar da zaman kwana goma ga mutanen kowane addini. A 1994, lokacin da Kiran Bedi ke shugabantar kurkukun Tihar a Delhi, fursunoni kimanin dubu suka yi zaman tare.

Samarin Amurka da suka yi yawo a Indiya da Bama da Tailan a shekarun 1960 da 1970 su suka kai abin gida. Uku daga cikinsu, Joseph Goldstein da Jack Kornfield da Sharon Salzberg, sun buɗe cibiya a garin Barre na jihar Masachusets a tsakiyar shekarun 1970. Kalmar Ingilishin da suka yi aiki da ita a madadin sati wani Bature ne, T. W. Rhys Davids, tsohon ma'aikacin mulkin mallaka a Siri Lanka, ya zaɓe ta tun 1881. A 1979 Jon Kabat-Zinn, masanin ƙwayoyin halitta da ya yi irin wannan zama, ya buɗe wani sashe a asibitin koyarwa na jami'ar Masachusets. Likitoci suka riƙa turo masa masu ciwon da ya ƙi jin magani, yana koya masu lura da numfashi da jiki cikin mako takwas. Da gangan ya cire sunan Buddha da kalmomin Pali don kowa ya iya shiga. Daga nan aka fara aunawa da bincike, abin ya shiga asibitoci da kamfanoni da barikin soja da makarantu. Nan ne amsar Madam ta faro.

Idan aka jera matakan za a ga abin da ya zube a hanya. A wajen Buddha zaman reshe ɗaya ne cikin takwas, a kan harsashin gyaran hali, da nufin sakin duniya. A wajen Ledi Sayadaw makami ne na kare addini daga mulkin mallaka. A asibitin Amurka ya zama ainihin abin da U Ba Khin ya ƙi, wato maganin ciwo. A kamfani kuma ana ba ma'aikaci shi don ya huce ya ƙara aiki, abin da aka ƙirƙira don rage ƙishirwa ya koma yi wa ƙishirwar hidima. Wasu masana da malaman Buddha da kansu sun soki wannan.

To, yana yi wa yara amfani? Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen da aka yi a makarantu shi ne na Birtaniya, wanda jami'ar Oksfod ta jagoranta, aka fitar da sakamakonsa a 2022. An bi yara sama da 8,000 masu shekara 11 zuwa 14 a makarantu 84. Rabi sun yi darussa goma na wannan zama, rabi sun ci gaba da darussan tarbiyyar da suka saba. Bayan shekara ɗaya ba a ga bambanci a lafiyar hankalinsu ba. Yawancin yaran ba su yi aikin a gida ba, da dama sun ce ya gundure su. Waɗanda aka ga sun ɗan amfana su ne malaman da aka horar, gajiyar aiki ta ragu masu na wani lokaci. Ban yi mamaki ba. Kisa Gotami da Saya Thetgyi da Goenka duk da ƙafafunsu suka je, wahala ce ta kai su. Yaron da aka ce rufe ido don jadawali ya ce haka, wani abu ne daban.

Ga abin da na tsayar wa kaina. Idan aka kawo mana wannan a aji, haƙƙin iyaye ne a gaya masu asalinsa dalla-dalla: daga addinin Buddha ya fito, likitoci suka tace shi. Daga nan kowane uba da uwa su auna da fahimtarsu da ta malaman da suka yarda da su. Ɓoye asali shi ke haifar da zargi, kuma ranar da wani ya tono shi a waya, amanar da ke tsakanin lakol da gida ce za ta tafi. Na biyu, kada mu ɗauka minti biyar na shiru zai maye gurbin abin da yaron da ya gudo daga garinsu ke bukata, wato abinci da wurin zama a aji da babban da zai saurare shi. Na uku ya shafe mu manya. Ba sai na bi addinin wani ba kafin in ga cewa tambayar da suka yi tana kaina: me na ƙanƙame? Na san iyayen da suka ƙanƙame burin ɗansu ya zama likita har suka daina ganin yaron da ke gabansu. Ni ma na taɓa riƙe fushin wani ɗalibi zango guda saboda kalma ɗaya da ya faɗa mani, shi kuwa tuni ya manta.

Da aka koma makaranta na kira dattijon nan a waya na zayyana masa duk wannan. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba. Sannan ya ce, "To madalla, ƙanena. Yanzu ko an tare ni a ƙofa ina da abin faɗa." Na tambaye shi ko zai sa yaran su yi. Ya ce zai fara kiran taron iyaye tukuna.