Tsakanin Ɓarnar Ɗan Haya da Tsufan Yau da Gobe: Nazarin Rikicin Kuɗin Ajiya a Ingila

Tsakure

Maƙalar ta dubi ma'aunin da ake bi a Ingila wajen tantance ko lalacewar da aka tarar a gidan haya ɓarnar ɗan haya ce ko tsufan yau da gobe ne. An bi diddigin dokokin majalisa da hukunce-hukuncen kotu da yadda masu raba gardama suke lissafin diyya. Nazarin ya nuna cewa abubuwa uku ne suke yanke magana: sanadin lalacewar, da sauran kwanan kayan, da hujjar da aka tanada ranar shiga gida.

Gabatarwa

Kuɗin ajiya shi ne abin da ɗan haya yake bayarwa a farkon zama domin a cire diyya daga ciki idan ya yi ɓarna ko ya bar bashi. Rikici yakan taso ne ranar mayar da mabuɗi: mai gida ya ga fenti ya dushe, kafet ya ƙoƙe, ya ce a biya shi, ɗan haya kuma ya ce shi dai zama ya yi. Kowane gida da mutane suke kwana suke tashi a cikinsa dole ya tsufa, kuma kuɗin haya ne yake ɗauke da wannan tsufa. Cire shi daga kuɗin ajiya karɓar biya biyu ne a kan abu ɗaya.

Tsarin doka

Dokar Gidaje ta 2004 ce ta kafa tsarin kare kuɗin ajiya, wanda ya fara aiki a Ingila da Wales ranar 6 ga Afrilu, 2007. Wajibi ne mai gida ya yi wa kuɗin rajista cikin kwana 30 a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su: Deposit Protection Service, da MyDeposits, da Tenancy Deposit Scheme. Wanda ya saɓa, kotu tana iya sa shi ya biya ɗan haya tarar da ta kai har ninki uku na kuɗin. Wata doka ta 2019 ta ƙayyade kuɗin ajiya a Ingila kada ya wuce hayar mako biyar idan hayar shekara ba ta kai fam 50,000 ba.

Idan ɓangarorin biyu suka kasa daidaitawa, hukumar takan miƙa batun ga mai raba gardama, kyauta. Ba ya zuwa ganin gidan. Takardu da hotuna kaɗai yake dubawa. Tun da kuɗin mallakar ɗan haya ne, nauyin kawo hujja yana wuyan mai gida.

Ma'aunin kotu

A shari'ar Warren da Keen ta 1953, Mai Shari'a Denning ya bayyana cewa ɗan haya yana da alhakin kula da gida kamar yadda mai hankali zai yi: ya goge tagogi, ya buɗe magudanar wanke-wanke idan sharar da ya zuba ce ta toshe ta, ya rufe ruwa idan zai yi doguwar tafiya da hunturu. Abin da ya lalace saboda tsufa ko wucewar lokaci kuwa ba ya kansa. Wata doka ta 1985 kuma ta ɗora wa mai gida gyaran gini da rufi da bututun ruwa da wayoyin lantarki da na'urar ɗumama ɗaki.

Tun kafin nan, shari'ar Haskell da Marlow ta 1928 ta kafa wani sharaɗi: uzurin tsufa bai shafi ɓarnar da ta biyo baya saboda an bar ƙaramar matsala ta girma ba. Famfon da robarsa ta cinye tsufa ne. Amma idan ɗan haya ya ga yana ɗiga wata da watanni, bai sanar ba har katakon ƙasan kicin ya ruɓe, sakaci ya shigo ciki. Wannan ya yi daidai da ƙa'idar fiƙihun Musulunci cewa abin haya amana ne a hannun mai haya, ba a cin sa tara sai ya ƙetare iyaka ko ya yi sakaci.

Tantancewa a aikace

Mai raba gardama yakan duba tsawon zaman, da yawan mazauna da shekarunsu, da ingancin kayan, da halin da suke ciki tun farko. Ba a auna gidan da iyali mai yara uku suka zauna shekara biyar da ma'aunin ɗakin da gwauro ya yi wata shida. Sawun da ƙafa ta fitar a kafet daga ƙofa zuwa falo tsufa ne; tambarin dutsen guga a tsakiyarsa ɓarna ce. Labulen da rana ta cinye tsufa ne. Wanda kyanwa ta yayyaga ɓarna ce.

Datti ba ya shiga cikin tsufa. Murhu yana iya zama tsoho, amma maiƙon da ya daskare a kansa aikin mazauni ne, don haka ana sa ran a mayar da gida da irin tsaftar da aka karɓe shi. Baƙin tabon danshi a bango ya fi wuyar hukunci. Idan ruwa ne yake ratso gini, na mai gida ne. Idan kuma tururin girki da shanyar tufafi a ɗaki rufe ne suka kawo shi, ɗan haya yana da kaso.

Lissafin diyya

Ko an tabbatar da ɓarna, ba a ba mai gida sabo a madadin tsoho. Ana lissafa sauran kwanan kayan ne. A ƙaddara kafet na fam 600 wanda ake sa ran zai yi shekara goma, ɗan haya ya ƙona shi bayan kafet ɗin ya yi shekara bakwai. Darajarsa tana raguwa da fam 60 duk shekara, saura shekara uku, don haka diyyar fam 180 ce. Idan wanki ko faci zai wadatar, kuɗin wannan kawai ake cirewa. Kayan da ya riga ya cinye kwanansa kuwa da wuya a sami diyya mai yawa a kansa.

Kammalawa

Duk wannan lissafi ya dogara ne a kan takardar ƙididdigar kaya da ake cikawa ranar shiga, ɗaki bayan ɗaki, da hotuna masu kwanan wata da sa hannun ɓangarorin biyu, sannan a kwatanta ta da ta ranar fita. Rubuta "bango lafiya" bai kai rubuta "fenti fari, da ƙusa biyu kusa da taga" ba. Mai gidan da ba shi da wannan takarda yakan rasa da'awarsa ko da ɓarnar gaskiya ce, domin ya kasa nuna yadda kayan yake a farko. Ɗan hayan da ya ajiye saƙonnin da ya sanar da lalacewa a kan lokaci shi ma ya kare kansa daga zargin sakaci.