Rai a Ruwan Kanwa: Daga Kanem Zuwa Tabkin Vida

Duk wanda ya tashi a Kankiya ko Kusada ya san kanwa. Da ita ake dama kunu, ita ake jefawa a tukunyar wake, ita makiyayi ke ba shanunsa. Tun kafin zuwan Turawa fatake ke ɗauko kantu daga Bilma, mangul daga ƙasar Manga, ungurnu kuma daga gabashin Tabkin Chadi, su sauke a kasuwannin Kano da Katsina. Mun san kayan, amma kaɗan ne cikinmu suka san ruwan da ya haife su.

A ƙasar Kanem, inda ungurnu ke fitowa, tafkunan kanwa ba matattu ba ne. Samansu kan yi kore shar, matan Kanembu su kwashe koren, su shanya a kan rairayi, ya bushe ya zama abin da suke kira dihe, su yi miya da shi. Wannan kore tarin ƙananan halittu ne da yau ake kira Spirulina. Masanin Faransa Pierre Dangeard ya yi bayanin dihe a 1940, ba a kula ba, sai da Jean Léonard na Beljiyam ya gan shi a kasuwar Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, a tafiyarsa ta 1964 zuwa 1965. Daga baya aka tabbatar fiye da rabin nauyin busasshensa sinadarin gina jiki ne. Yanzu ana nomansa a Amurka da Sin da Indiya.

To, ina iyakar juriyar rai ga gishiri? Neman amsa ya kai masana Antaktika, ƙarshen kudancin duniya. A 2012 ayarin Alison Murray ya ba da rahoton ƙwayoyin bakteriya masu rai a Tabkin Vida, cikin ruwan da ya ninka na teku gishiri kusan sau shida, a sanyin digiri 13 ƙasa da sifiri. Ƙanƙara ta rufe shi kimanin shekara 2,800, babu haske, babu iskar shaƙa. Gishirin ne ya hana ruwan daskarewa, ya bar wa rai mafaka. Shi ya sa masu neman halitta a duniyar Mas suke nazarinsa.

Tabkin Vida ya shiga mujallun kimiyya da sunayen waɗanda suka haƙa shi. Matan Kanem, waɗanda suka daɗe suna ciyar da iyali da halittun ruwan kanwa, sai a gefen labari ake ambatonsu. Gyaran wannan yana wuyan jami'o'inmu, domin tafkunan suna kusa da mu, masu ilimin kuma suna raye.