Tuta absoluta: Tsutsar da ke cin ganyen tumatir daga ciki

Tuta absoluta, wadda manoman Kano ke kira "Sharon", wasu kuma "ebolar tumatir", ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai launin toka wanda tsawonsa bai kai santimita ɗaya ba. Asalinsa daga Kudancin Amurka ne. An fara ganin sa a ƙasar Sifaniya a 2006, daga nan ya bazu zuwa Arewacin Afirka, ya tsallako Sahara. A watan Mayun 2016 ɓarnarsa ta kai gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, masana'antar Dangote da ke Kadawa ta tsaya cak saboda rashin abin sarrafawa, farashin kwando kuma ya ninka sau da yawa a kasuwanni har Legas. Annobar ta sake kunno kai a 2023.

Uwar ƙwaron ba ta cin ganye. Aikinta saka ƙwai ne, kuma ɗaya kan saka har 260. Tsutsar da ta ƙyanƙyashe ita ce mai ɓarnar: sai ta huda ganye ta shige tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa, ta cinye koren naman da ke ciki. Abin da ido ke gani shi ne fararen tabo masu faɗi, shara-shara, da ɗigo-ɗigon baƙin kashinta a ciki. Daga baya ganyen ya bushe tamkar wuta ta lashe gonar. Idan ganye ya ƙare, takan koma kan toho da 'ya'yan. A lokacin zafi, cikin wata guda ƙwai ya zama uwa, shi ya sa noman rani da ya kai Maris da Afrilu a Kura, Bunkure da Garun Malam ya fi shan wahala.

Ba kowace lalacewar ganye ce Sharon ba, kuma nan ne kuɗi ke zurarewa. Ganyen da ya nannaɗe, ya ƙanƙance, gefensa ya yi rawaya, ciwo ne da farin ƙuda ke yaɗawa. Ba ya warkewa, tuge shukar ake yi. Tabo mai ruwan ƙasa da zobba-zobba a tsofaffin ganyen ƙasa kuwa cutar gwari ce, wadda maganin ƙwari ba ya yi mata komai.

Maganar feshi ita ce mai sarƙaƙiya. Tsutsar na ɓoye a cikin ganye, don haka maganin da ke kashewa da taɓawa ba ya riskar ta. Ga shi kuma tana saurin sabawa da guba. Manomin da ya ga maganin jiya bai yi ba, ya ninka shi yau, ƙara mata juriya yake yi, sannan ya aiko wa masu saye tumatir mai ragowar guba. Ƙa'idar ita ce a riƙa sauya jinsin maganin, ba sunan da ke jikin kwalba kawai ba, a yi feshi da yamma, a kuma mutunta kwanakin jira kafin tsinka da aka rubuta a jikin mazubin.

Rigakafi ya fi arha. Ana renon iri a ƙarƙashin raga, a kafa tarko mai ƙamshin mace wanda ke jawo mazan ƙwaron su faɗa cikin ruwan sabulu, a duba gona aƙalla sau biyu a mako, a tsinke ganyen da ya kamu a binne ko a ƙone. Ruwan 'ya'yan darbejiya na taimakawa tun abin bai yi nisa ba. Bayan girbi ba a barin karan tumatir a fili, ba a kuma bin sa da dankalin Turawa ko gauta, domin duk abincinta ne.

'Yan kasuwa ma da nasu hannun a ciki: kwandunan da ke zuwa Kudu su dawo gona sukan ɗauko ƙwai da tsutsa, abin da ya sa ake ba da shawarar komawa ga akwatunan roba da za a iya wankewa.