Baƙar Ɗamara: Yadda Ta Faro da Abin da Take Iya Yi wa Mai Ita

A shekarar 1882 wani matashin malamin makaranta ya samu aron ɗaki a Eishoji, wani wurin ibadar mabiya addinin Buda da ke birnin Tokiyo. Ya shimfiɗa tabarmi 12, ya tara ɗalibai 9, ya sa wa makarantar suna Kodokan. Sunansa Jigoro Kano. Sunan bai haɗa komai da birnin Dabo ba, don haka za mu riƙa kiransa Jigoro don kada a rikice. A hannun wannan mutum wasan judo ya samo asali, kuma a hannunsa aka fara ɗaura baƙar ɗamarar da yau ake jin tsoron mai ita tun kafin a ga ya ɗaga hannu.

An haifi Jigoro a 1860. Ya taso ƙanƙanin jiki, manyan yara na cin zalinsa a makaranta, shi ya sa ya shiga neman wanda zai koya masa jujutsu, tsohon salon kokawar mayaƙan Jafan. Ya zo a lokacin da sana'ar ke mutuwa. Gwamnati ta hana mayaƙan samurai yawo da takobi a 1876, mutane sun karkata ga ilimin zamani, malaman jujutsu da yawa sun koma ɗorin ƙashi don su ci abinci. Da ƙyar ya samu wani malami, Fukuda Hachinosuke, ya fara a hannunsa, daga baya ya ƙara a wajen Iikubo Tsunetoshi.

A tsofaffin makarantun nan babu maganar launin ɗamara. Idan malami ya gamsu da almajirinsa sai ya rubuta masa takardar izini, a naɗe ta a adana a gida, kuma tsakanin wata takarda da wata mutum kan yi shekaru. Jigoro kuwa malamin aji ne, ya ma riƙe shugabancin babbar kwalejin horon malamai ta Tokiyo sama da shekara 20. Ya san ɗalibi yana ƙara himma idan yana ganin inda ya kai. Sai ya aro tsarin matakai daga wasan go, wani wasan dara da Jafanawa suka daɗe suna jera gwanayensa hawa-hawa. A 1883 ya ba ɗalibansa biyu, Tomita Tsunejiro da Saigo Shiro, matakin farko na gwanaye. Bayan kamar shekara uku masu wannan mataki suka fara ɗaura baƙar ɗamara, sauran na ɗaura fara, don wanda ya shigo ɗaki ya san wa zai tambaya.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, a tsarin Jigoro ranar da mutum ya ɗaura baƙar ɗamara yana kan ƙaramin mataki ne cikin goma. Ya iya faɗuwa ba tare da ya karye ba, ya san tushen kayarwa da riƙo, an yarda ya fara karatu na haƙiƙa. Labarin da ake yaɗawa cewa wai mutanen da ba sa wanke farar ɗamara, datti da gumi ne ke mai da ita baƙa bayan shekaru, ƙagagge ne. Malami ne ya zauna ya tsara abin da gangan.

Sauran salo duk a wajensa suka kwafa. A 1922 Gichin Funakoshi ya zo Tokiyo daga tsibirin Okinawa don nuna kareti, Jigoro ya gayyace shi Kodokan. Funakoshi ya ɗauki farar rigar judo da ɗamararta da matakanta, ya ba ɗalibansa na farko baƙar ɗamara a 1924. Launuka masu yawa da ake gani yau, ruwan ɗorawa da kore da shuɗi da ruwan ƙasa, a Turai suka yaɗu, musamman ta hannun Mikinosuke Kawaishi wanda ya koyar a birnin Paris tun tsakiyar shekarun 1930. Mutanen Koriya suka ɗora tekwando a kan wannan tsari, aka raɗa masa suna a 1955, aka buɗe hedkwatarsa ta Kukkiwon a Seoul a 1972.

Da abin ya bazu sai ma'auni ya rarrabu. A tekwando da kareti yawanci mutum kan kai ga baƙar ɗamara cikin shekara uku zuwa biyar. A jiu-jitsu na Birazil ana iya shafe shekara goma. Wasu ƙungiyoyin sai ka kayar da sa'o'inka a gasa, wasu jarrabawar motsi a gaban alƙalai ta isa, wasu kuma, abin takaici, kuɗin rajista ne ke tafiyar da ita. Babu wata hukuma guda da ke kula da duka. Hatta a Kodokan an yi son rai a rabon matakai. Keiko Fukuda, jikar malamin Jigoro na farko, ta kai mataki na 5 a 1953, aka bar ta a nan har 1972 don kawai mace ce. Sai a 2006 Kodokan ta ba ta mataki na 9, ta rasu a 2013 tana da shekara 99. Matar da ta ƙi aure ta ba judo rayuwarta ba ta cancanci wannan jira ba.

Mu a nan ta majigi abin ya iso mana. Wanda ya tashi a Kano ko Kaduna ko Maraɗi a shekarun 1970 da 1980 ya san yadda finafinan Chanis suka cika silima, yara na fitowa suna tsalle suna shurin iska. Bruce Lee, wanda fim ɗinsa Enter the Dragon ya fito a 1973, shekarar da ya rasu, shi ne ya fi kowa sa mutane sha'awar abin, alhali salon wing chun da ya koya a Hong Kong ba a san shi da ɗamara ba, shi kansa kuma bai ɗauke ta da muhimmanci ba. Duk da haka daga wannan zamani aka fara kallon mai baƙin bel tamkar mai layar da ƙarfe ba ya kama shi.

To wane salo ne ya fi amfani idan rigima ta tashi? Gardamar ta girmi ɗamarar kanta, kuma Jigoro ya ba da tasa amsar tun farko. Tsofaffin makarantun jujutsu sun fi dogara ga atisayen da aka tsara: wannan ya kawo hari kaza, wancan ya kare da kaza, kowa ya san abin da zai biyo baya. Suna da dabarun tsokane ido da karya wuya, amma ba yadda za a yi a gwada su da ƙarfi a kan abokin karatu. Jigoro ya ware waɗannan gefe, ya sa ɗalibansa su riƙa kokawa ta gaske kullum, kowa na neman kayar da ɗan uwansa iyakar ƙarfinsa, abin da suke kira randori. A ganina wannan ya fi ɗamarar muhimmanci nesa ba kusa ba. Wanda ya kayar da mai turjiya sau dubu ya san nauyin jikin mutum, ya san yadda numfashi ke ƙarewa, ya san abin da zai yi idan dabararsa ta farko ta ƙi ci. Wanda ya haddace dabarar kisa da bai taɓa gwadawa ba bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Wani ɗalibin Kodokan, Mitsuyo Maeda, ya zaga duniya yana karawa da 'yan dambe da 'yan kokawa, ya sauka Birazil a 1914. A garin Belém ya koya wa Carlos Gracie, Carlos kuma da ƙaninsa Hélio suka mai da hankali kan faɗan ƙasa, wato shaƙewa da murɗe gaɓa bayan an faɗi, salon da ya zama jiu-jitsu na Birazil. Gidan Gracie suka shiga ƙalubalantar duk mai jin kansa. Ba kullum suke ci ba: a watan Oktoban 1951, a filin Maracanã na Rio, gwanin judo Masahiko Kimura ya karya wa Hélio hannu da wani riƙo da har yau ake kiransa kimura.

Ranar 12 ga Nuwamban 1993 aka kai gardamar gaban duniya. A birnin Denver na Amurka aka zuba mutum 8 daga salo daban-daban a cikin keji, babu rabon nauyi, dokoki kaɗan ne. Ita ce gasar UFC ta farko. A karon farko Gerard Gordeau na ƙasar Holan ya shuri ƙaton ɗan kokawar sumo Teila Tuli a fuska har haƙori ya fita. Ɗan damben zamani Art Jimmerson ya shigo da safar dambe a hannu ɗaya, Royce Gracie, ɗan Hélio, ya kai shi ƙasa, Jimmerson ya sallama. Royce ya shaƙe Ken Shamrock, ya shaƙe Gordeau, ya lashe gasar, ga shi yana cikin marasa nauyi a wurin. Mutane da yawa suka ce shi ke nan, jiu-jitsu ya fi kowa. Ba a daɗe ba 'yan kokawa da masu naushi suka koyi kare kansu a ƙasa. Kazushi Sakuraba ya ci Royce a 2000 bayan minti 90 ana gwabzawa, Matt Hughes ya ci shi a 2006 a zagayen farko. Zakarun da suka biyo baya sun fito daga ko'ina: Kamaru Usman daga kokawa, Israel Adesanya daga damben shuri. Abin da ya haɗa su shi ne duk sun saba da abokin karawa mai ramawa. Salon da ba a gwabzawa a cikinsa kuwa ya sha kunya, kamar yadda aka gani a Chengdu ta ƙasar Sin a 2017, inda Xu Xiaodong ya buge wani malamin tai chi cikin 'yan daƙiƙu.

Da wannan ma'auni ɗan damben gargajiya da ɗan kokawa ba su da abin jin kunya a gaban kowa. Ba su da ɗamara mai launi, amma ba a kiran mutum gwani sai ya yi kisa a fage, kuma takobin kokawar Nijar, da ake fafatawa a kansa tun 1975, sai an kayar da maza ake ɗaukarsa. Masu ɗamarar ma akwai waɗanda suka tabbatar da tasu a fili: Chika Chukwumerije ya ciyo wa Najeriya tagulla a tekwando a wasannin Olamfik na 2008, Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo wa Nijar azurfa a 2016, ya zama zakaran duniya a 2017.

Sai dai keji ba lungu ba ne. A keji mutum ɗaya za ka fuskanta, akwai alƙali, ƙasa a shimfiɗe take, babu wuƙa. Masu ƙwacen waya ba su zuwa su kaɗai, ba su zuwa hannu sake. Ɗan jiu-jitsu da ya kwanta yana murɗe hannun ɗaya ya bar kansa a fili ga na biyu. Mai shurin sama yana iya zamewa a taɓo. Ɗan dambe yana iya karya yatsunsa a kan ƙoƙon kan mutum. Abin da horo ke bayarwa, kuma ba ƙarami ba ne, shi ne mutum ya tsaya da ƙafafunsa idan an ture shi, ya kuɓuce daga riƙo, kada tsoro ya daskarar da shi, ya kuma samu numfashin gudu. Malaman kare kai masu gaskiya sukan gaya wa ɗalibansu ƙarara cewa idan an zaro wuƙa a miƙa wayar.

Kodokan ma ta san da wannan giɓi. A 1956, shekara 18 bayan rasuwar Jigoro a cikin jirgin ruwa yana komawa gida, ta fitar da wani tsarin kare kai mai dabaru 21, tara daga ciki na fuskantar wuƙa da sanda da ƙaramar bindiga. Har yau ana koyar da su, manyan masu baƙar ɗamara na nuna su a jarrabawa, amma da wuƙar katako ake yi, kuma mai kawo harin ya san inda zai tsaya.