Gishiri, Amoniya da Jinin Kifi: Nazari Kan Ruwan Kiwo a Kontagora

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yadda amoniya da gishiri ke shafar girman kifin kiwo da jininsa, ta ɗauki kifin kaf, wato Cyprinus carpio, ta kwatanta shi da tarwaɗa. Matsayarta ita ce, gishirin da masu kiwo ke watsawa a tanki yana maganin naitirait, amma ba ya rage amoniya, kuma lokacin da aka auna ruwa yana da muhimmanci daidai da adadin da aka samu.

Gabatarwa

Kaf ba ɗan asalin ruwanmu ba ne. An shigo da shi Najeriya a shekarun 1950, aka reni shi a gonar kifi ta Panyam da ke Filato. A ƙasar Kontagora kuwa tarwaɗa ce ta mamaye tankunan siminti da kududdufai, domin tana da gaɓar shaƙar iska kai tsaye, tana jure ruwan da zai kashe kaf ko karfasa. Wannan juriya tana ɓoye wa mai kiwo lalacewar ruwansa. Kifi ba ya mutuwa, sai dai ya ci abinci ya ƙi girma, a ɗora laifin a kan iri ko a kan mai sayar da abinci.

Amoniya da agogon rana

Kifi yana fitar da mafi yawan amoniyarsa ta jan naman numfashi da ke bayan kansa. Gwargwadon furotin ɗin da ya ci, gwargwadon abin da zai fitar. Ragowar abinci da ke ruɓewa a ƙasan tanki kuma ta ƙara. A cikin ruwa amoniya kala biyu ce: NH4, mai sauƙin illa, da NH3, mai ratsawa cikin jini. Zafin ruwa da ma'aunin pH su ke raba gardama tsakaninsu.

A zafin digiri 30, idan pH yana kan 7, kashi 0.8 cikin ɗari ne kawai NH3. A kan 8 ya haura kashi 7. A kan 9 ya kusa kashi 45. Ke nan tankin da ke da miligiram 2 na amoniya a lita ɗaya zai ɗauki kimanin 0.016 na mai guba da asuba, ya kai kusan 0.9 da la'asar idan pH ya tashi daga 7 zuwa 9, alhali ba a ƙara masa komai ba. Abin da ke kawo haka gansakuka ce: ruwan da ya yi kore shar yana zuƙe iskar kabon da rana, pH ya hau. Watannin Maris da Afrilu, lokacin da bazara ke ganiyarta a Kontagora, rijiyoyi suka ja baya, mai kiwo yana tsimin canjin ruwa, su ne suka fi haɗa waɗannan sharuɗɗa wuri guda.

Jini ne ke fara ba da labari. Sukari da sinadarin damuwa na kotisol suna hauhawa. Idan abin ya daɗe, naman numfashi ya kumbura, iska ta rage shiga, himogulobin da jajayen ƙwayoyin jini kan ragu. Sikeli ba ya nuna asarar sai bayan makonni.

Inda gishiri ke amfani, da inda yake cutarwa

Ƙwayoyin bakteriya suna juya amoniya zuwa naitirait. Idan naitirait ya shiga jini yakan hana himogulobin ɗaukar iska, jinin ya koma ruwan ƙasa-ƙasa kamar an dama cakulan. A nan gishirin girki yake da rana, domin kuloraid ɗinsa yana tare hanyar da naitirait ke bi. Amoniya kuwa tana nan daram.

Jinin kifin ruwan daɗi yana daidai da ruwan da ke da gishiri kimanin giram 9 a lita. Teku tana da kimanin 35. Ɗan gishiri yana sauƙaƙa wa kifi aikin riƙe sinadaran jikinsa. Idan ya doshi na jini ko ya zarce, kaf yakan rage cin abinci, ya ƙone ƙarfinsa wajen daidaita ruwan jiki, girma ya tsaya. Abin da ya fi damuna shi ne awon gishiri da tafin hannu ko gwangwani, a maimaita ba tare da zubar da tsohon ruwa ba. Rana tana ɗauke ruwa, ba ta ɗauke gishiri.

Abin da ya kamata a gwada

Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke New Bussa, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin Kainji na 1968, a jiha ɗaya take da Kontagora. Gwajin da yankin ke buƙata ba mai tsada ba ne: a auna amoniya, pH da zafi sau biyu a rana, da asuba da kuma ƙarfe huɗu na yamma, a bazara da damina, a ɗebi jinin tarwaɗa da na kaf duk mako biyu, a jera shi da nauyinsu, a kuma rubuta giram nawa na gishiri aka zuba a kowane tanki.